Komai Lafiya, Ranka Ya Daɗe: Yadda Nokia Ya Faɗi



Duk wanda ya mallaki hankalinsa lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ya san Nokia. Akwai 3310 wadda za ta faɗi a kan siminti ta tarwatse gida uku, ka tattara ka haɗa ta ci gaba da aiki. Akwai 1100 mai tocila, wadda samari suka yi wa laƙabin rakani-kashi, a yi mata caji ɗaya ta yi kwanaki. A 2005 kamfanin ya sanar da cewa ya sayar da wayarsa ta cikon biliyan ɗaya, kuma wayar nan 1100 ce, a Najeriya aka saye ta. A ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da ake sayarwa a duniya, kusan huɗu na Nokia ne. Ba a cika shekara shida ba bayan haka, a watan Satumba na 2013, aka sanar da sayar wa Microsoft sashen wayar gaba ɗaya.

Idan ka tambayi mutane abin da ya faru, amsar da za ka fi ji ita ce sun yi barci, iPhone da Android suka zo suka wuce su. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Amma abin da ya fito daga bakin waɗanda suka yi aiki a kamfanin ya nuna ba barci aka yi ba. An ga matsalar tun da wuri, kuma mutane da yawa sun gan ta. Abin da ya gagara shi ne maganar ta tashi daga teburin injiniya ta isa kunnen shugaba ba tare da an yi mata kwaskwarima a hanya ba.

Bari mu ɗan koma baya. Nokia bai fara da waya ba. Injiniya Fredrik Idestam ne ya kafa masana'antar sarrafa itace don yin takarda a garin Tampere na ƙasar Finlan a 1865, daga baya ya buɗe ta biyu kusa da garin Nokia, inda sunan ya samo asali. A 1967 aka haɗe shi da wani kamfanin roba da wani na wayoyin lantarki. Har zuwa shekarun 1980 kamfanin yana yin tayar mota, da takalmin roba, da talabijin, da takardar bayan gida. Sai abubuwa suka rikice. Sayen masana'antun talabijin a Turai ya jawo asara, shugaban kamfanin Kari Kairamo ya kashe kansa a Disambar 1988, sannan Tarayyar Sobiyat, wadda babbar kasuwa ce ga Finlan, ta wargaje a 1991.

A cikin wannan hali aka naɗa Jorma Ollila shugaba a 1992. Tsohon ma'aikacin bankin Citibank ne, kuma shi ne ya yanke shawarar da ta ceci kamfanin: a rabu da sauran sana'o'in a fuskanci sadarwa. Ya dace da lokaci, domin tsarin GSM yana tasowa a Turai. Zuwa 1998 Nokia ya ture Motorola ya zama na ɗaya a duniya.

Akwai abu ɗaya a wannan zamani da nake so a riƙe. A ƙarshen 1995 kamfanin ya shiga rikici: kayan haɗi sun yi ƙaranci a nan, sun taru a can, riba ta faɗi, darajar hannun jari ta zube. Shugabannin suka fito suka amsa cewa akwai matsala, suka sake tsarin sayen kaya da rarraba su, har wannan fanni ya zama abin da ake koyi da Nokia a kansa. Wato kamfanin ya taɓa iya jin labari mara daɗi ya yi aiki da shi. A lokacin, wasu 'yan mutane ne da suka daɗe tare suke jan ragama, sun san juna, suna iya musu da juna. Tsakanin 2004 da 2006 uku daga cikin manyansu, Sari Baldauf da Matti Alahuhta da Pekka Ala-Pietilä, suka bar kamfanin. A 2006 Ollila ya miƙa shugabanci ga Olli-Pekka Kallasvuo, lauya wanda ya daɗe yana kula da kuɗin kamfanin, shi kuma Ollila ya ci gaba da zama shugaban hukumar daraktoci.

Sai iPhone ta fito a 2007. Masu cewa Nokia bai san da wayar da ake shafa fuskarta ba sun manta cewa tun 2004 ya fitar da 7710 wadda ake sarrafawa ta fuska, kuma a 2005 ya fitar da ƙaramar na'urar shiga intanet mai lamba 770, wadda ke aiki da wata sabuwar manhaja mai suna Maemo. Kuɗin bincike ma ba su ne matsala ba: a cikin shekara goma kamfanin ya kashe kimanin dala biliyan 40 a wannan fanni, kusan ninki huɗu na abin da Apple ya kashe. Da injiniyoyinsa suka kwance iPhone ta farko suka duba, sun gano ba ta da 3G, kuma ba ta jure faɗuwa kamar wayoyinsu. Duk gaskiya ne. Sai dai gasar ta riga ta tashi daga ƙarfin kwanon waya ta koma kan manhajar da ke tafiyar da ita, kuma a nan ne ciwon Nokia yake.

Manhajar da manyan wayoyinsa ke aiki da ita, Symbian, an gina ta ne don wayar maɓalli. Kowace sabuwar waya sai an yi mata nata gyaran, har manhajar ta rarrabu iri-iri, wanda ya rubuta ƙaramar manhaja don wata waya ba shi da tabbacin za ta yi aiki a wata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma injiniyoyin sun sani sarai. Me ya hana a gyara?

Wasu malaman jami'a biyu, Timo Vuori na Jami'ar Aalto a Finlan da Quy Huy na makarantar kasuwanci ta INSEAD, sun zauna da mutum 76, manyan shugabanni da manajojin tsakiya da injiniyoyi da masana na waje, suka wallafa sakamakon a 2016. Abin da suka samu shi ne tsoro iri biyu a gida ɗaya. Na sama suna tsoron Apple da Google da masu hannun jari, waɗanda ke jiran riba duk wata uku. Sun san ana bukatar sabuwar manhaja, sun kuma san gina ta zai ci shekaru, amma suna gudun faɗin haka a fili kada masu zuba jari da abokan ciniki su watse. Don haka a gaban ma'aikata sai su riƙa kushe iPhone, su kuma tsananta matsin lamba a kan a fito da sababbin wayoyi da wuri. Na tsakiya kuwa ba Apple suke tsoro ba, tunda an ce musu ba komai ba ce. Oga suke tsoro, da abokan aiki masu jiran su yi tuntuɓe.

A nan nake so mu tsaya, domin nan ne zuciyar labarin. Ka ɗauki manaja mai kula da wani sashe na manhaja. Injiniyoyinsa sun gaya masa aikin nan ba zai kammala a wata shida ba. Ya shiga taro. Ya taɓa ganin yadda aka yi wa wani tsawa a gaban jama'a saboda ya kawo irin wannan labari. Ya kuma san cewa a kamfanin ana yawan sake fasalin sassa, kuma a kowane sauyi wanda aka ɗauka mai sanyin jiki ne ke rasa kujerarsa. A gefensa ga wani manajan yana cewa shi zai iya a wata huɗu, kuma wanda ya fi yin alkawari shi ake ba kuɗi da ma'aikata. To me zai ce? Sai ya ce za a iya. Wani daga cikin waɗanda aka yi hira da su ya ba da labarin yadda ya shawarci abokin aikinsa ya ƙalubalanci wata shawarar shugabanni, abokin ya ce ba zai iya ba, yana da iyali da ƙananan yara.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne da yawa daga cikin na sama ba masana manhaja ba ne. Idan an kawo musu rahoto mai daɗi, ba su da hanyar gane cewa an shafa masa mai. Su kuma sai su ɗauki alkawarin su kai wa hukumar daraktoci da kasuwa. Kowane mataki yana ƙara wa labarin zaƙi kaɗan, har ya isa sama ya zama wani labari dabam. Babu wanda ya zauna ya shirya ƙarya. Kowa ya kare kansa ne kawai na rana ɗaya.

Na taɓa aiki a wani ofis inda duk ranar Litinin ake taron shugabannin sassa. Kafin a shiga, a baranda, kowa zai gaya maka abin da ya lalace a sashensa dalla-dalla. Da an zauna maigida ya ce “Yaya aiki?”, sai ka ji “Komai lafiya, ranka ya daɗe” ta zagaye teburin. Ni ma na faɗe ta, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa da na karanta labarin mai ƙananan yaran nan ban iya yi masa dariya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tsakiyar 2009 aka fitar da N97, wayar da aka yi ta yi wa shela a matsayin amsar Nokia ga iPhone. Ta zo da matsalolin manhaja, tana sanƙarewa, wurin ajiyar da manhajojin ke bukata ya yi kaɗan. A farkon 2010 ɗaya daga cikin manyan kamfanin, Anssi Vanjoki, ya amsa a wata hira cewa wayar ta ba masu saye kunya. Wadda ta biyo baya, N8, ta yi jinkirin fitowa. Ita kuwa Maemo, wadda za ta iya zama mafita, ta daɗe a gefe saboda ɓangaren Symbian ya fi ƙarfi a cikin gida. Sai a 2009 aka fitar da wayar kira ta farko mai aiki da ita, N900.

Risto Siilasmaa, wanda ya kafa kamfanin tsaron kwamfuta na F-Secure, ya shiga hukumar daraktocin Nokia a 2008. A littafin da ya fitar a 2018 ya bayyana cewa hukumar ba ta samun cikakken bayani kan tushen matsalolin, kuma yin tambaya mai zafi a zaman hukumar ba abu ne da ake maraba da shi ba. Ya ɗora wa Ollila alhakin wannan yanayi, yana mai cewa mutum ne mai saurin fushi. Ollila ya musanta, ya ce an yi ƙari a zancen. Adalci ne a faɗi wannan, kuma adalci ne a tuna cewa ba don Ollila ba da babu Nokian da muke magana a kai.

A Satumbar 2010 aka sauke Kallasvuo aka kawo Stephen Elop, ɗan Kanada daga Microsoft, mutum na farko da ba ɗan Finlan ba da ya shugabanci kamfanin. A Fabrairun 2011 ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa, ya kwatanta Nokia da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai a teku, wuta ta kama, sai dai ya yi tsalle cikin ruwan ƙanƙara. Ga shi dai an samu shugaban da ya faɗi gaskiya, amma wasiƙar ta fita ga 'yan jarida. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 11 ga Fabrairu, ya sanar da cewa Nokia zai koma manhajar Windows Phone ta Microsoft. Matsalar ita ce wayar farko mai wannan manhaja, Lumia, ba ta shiga kasuwa ba sai a Nuwamba. Wata tara kamfanin yana tallar wayoyin da shugabansa ya riga ya yi wa jana'iza. Wa zai saya?

Har yau akwai masu cewa Elop ɗan leƙen asirin Microsoft ne da aka turo ya karya kamfanin. Ban gamsu da wannan ba. Ya yi kuskure babba wajen lokaci da salon sanarwar, kuma ana iya musu kan ƙin ɗaukar Android, amma bangon ya tsage kafin zuwansa. Haka kuma ba zan ce tsoro kaɗai ya kayar da Nokia ba. BlackBerry da Motorola da Palm duk sun sha ƙasa a wannan guguwar, kowa da nasa dalilin. Mai yiwuwa ko da an faɗi gaskiya a 2007, da Nokia bai riƙe kambunsa ba. Abin da tsoron ya ci shi ne shekara uku zuwa huɗu, lokacin da kamfanin ke da kuɗi da kasuwa da sunan da zai iya sauya hanya da ƙarfinsa.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan jinkiri ba su ne suka zauna a tarukan ba. A 2012 Samsung ya karɓe matsayi na ɗaya, Nokia ya sanar da rage ma'aikata 10,000, aka rufe masana'antar garin Salo wadda garin ya dogara da ita. Microsoft ya biya yuro biliyan 5.44, cinikin ya kammala a Afrilun 2014, kuma cikin 'yan watanni ya sanar da sallamar mutum 12,500 daga sashen da ya saya. A 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin.

Kamfanin Nokia kansa bai mutu ba. Siilasmaa ya karɓi shugabancin hukumar daraktoci a 2012, kuma ya sauya yadda ake zama: taruka suka yawaita, aka riƙa auna hanyoyi da dama kafin a yanke shawara, aka nemi a riƙa kawo labari mara daɗi da wuri. Wannan hukumar ce ta amince a rabu da waya, ta riƙe sashen kayan sadarwa, ta sayi Alcatel-Lucent a 2016. Yau Nokia na cikin manyan masu ƙera na'urorin da kamfanonin layi ke kafawa a kan turakunsu. Wayoyin da suka dawo kasuwa da sunan Nokia daga 2017, har da sabuwar 3310, wani kamfani ne dabam mai suna HMD Global ya yi su, bayan ya karɓi lasisin amfani da sunan.