Tagarmu ta Farko ta Gilashi Ce

Taga ta farko da muka sani a sana'ar rubuta wa cif shiri ba a fuskar kwamfuta take ba. A bayan cif take, 'yar gilashi kamar idon kifi. In ka rubuta wa 8751 shiri, wato ɗan gidan 8051 da Intel ta fitar a 1980, ka kuma yi kuskure, sai ka zare shi daga allo ka ajiye ƙarƙashin fitilar ultrabayolet kamar minti 20 kafin ya goge. Ka sake ƙona masa shirin, ka mayar, ka zuba ido. Abin da ke gudana a cikinsa kuwa, sai dai ka ɗaura masa 'yar fitila. In ta ƙifta, ka san shirin ya iso nan. Akwai na'urar da ake cusawa a gurbin cif ta kwaikwaye shi, amma wannan sai masu hannu da shuni.

Sauƙi ya zo ta inda ba a zata ba. JTAG, da aka daidaita ƙa'idarsa a 1990, don duba haɗin dalma a kan allo aka yi shi. Masu ƙera cif suka mai da shi ƙofar leƙa ciki. Kamfanoni irin IAR na Uppsala da Keil na Jamus, wanda ARM ta saya a 2005, suka yi wa ƙofar tagogi: ta rajista, ta ma'adana, ta sa ido kan ƙima, ta jerin kira.

Wadda na fi ji da ita ita ce tagar rajistocin sassa. Na taɓa yin kwana biyu ina zargin waya, ashe agogon sashen aika saƙo na UART ne ban kunna ba. Da na buɗe tagar, duk abin da na rubuta sifiri yake dawowa, nan take na gano. Amma fa tana da nata sharrin. A wasu cif na STM32, karanta rajistar bayanai yana share tutar da ke cewa saƙo ya iso, taga kuma karantawa take yi. Sai ka ga shirin na aiki in tagar na rufe, yana ɓaci in tana buɗe. Haka in ka tsayar da cif, injin da yake juyawa bai san ka tsaya ba.

Sai allon Arduino ya fito daga Ivrea ta Italiya a 2005, da taga ɗaya tal ta karanta saƙo. Ya jawo dubban matasa cikin harkar, ban raina masa ba. Sai dai manhajarsa ba ta samu abin tsayar da shiri ba sai a fitowa ta 2.0, a 2022, don haka yara da yawa suka tashi suna ƙifta fitila irin tamu ta da. Kai da ka koya ta nan, ka sayi ST-Link, na'urar leƙa cikin cif na STM32, ka haɗa wayoyin SWD biyu da ta ƙasa, ka buɗe tagar rajista.