Tawayen Abdussalami a Kware

A watan Afrilu na 1817 Allah ya yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo rasuwa a Sakkwato, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma tun shekara ba ta kewayo ba garuruwan da suka miƙa wuya suka shiga janye biyayyarsu ɗaya bayan ɗaya, musamman a Zamfara. Wannan ƙin bin da ya game ƙasa shi ake kira tawaye a tarihin daular, amma wanda ya fi girgiza Sakkwato daga cikin gida ya ɓullo.

Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu tun kafin jihadi. Garinsa Gimbana ne dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa a ƙarshen 1803, suka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ke nan a kan mutanensa aka fara zare takobi. Da aka raba ƙasa bayan nasara, yamma ga Abdullahi ɗan'uwan Shehu, gabas ga Bello, shi sai aka ba shi 'yan garuruwa a wajen Sabiyel, daga baya aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato, inda ido zai riƙa kai wa gare shi. Rabon bai yi masa daɗi ba, har ya aika wa Bello takarda ɗauke da zanen ƙasashen da manyan Fulani suka samu, yana tambayar ina nasa.

Bayan rasuwar Shehu Kware ta zama mafakar masu gudun hukuma, tana kuma ciniki da abokan gaban Sakkwato. Bello ya yi ta aika wasiƙu, da suka ci tura ya yanke cewa jiɓintar kafirai a kan Musulmi ridda ce. Nauyin wannan hukunci ba ƙarami ba ne, domin a fiƙihu wanda ya fita daga ɗa'ar shugaba kawai yana nan Musulmi, ba a bautar da iyalinsa, ba a mai da dukiyarsa ganima, amma wanda aka ɗora wa ridda ya rasa kariyar da Musulunci ya ba shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa hujjojin Abdussalami ta littafin Bello, Sardul Kalami, suka iso gare mu, wato ta alƙalamin wanda ya yaƙe shi.

A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Sauran jama'arsa suka taru a Kalambaina suka ci gaba da turjiya, har sai da Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki aka ci garin, kuma a nan ne su biyun suka shirya bayan saɓanin da ke tsakaninsu. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a daga bisani, aka bar shi ya kafa Jega.