Daga Dandali Zuwa Situdiyo: Kiɗan Rawa a Ƙasar Minjibir

A ƙauyukan Minjibir, kamar sauran karkarar Kano, kiɗan rawa ya daɗe a hannun makaɗan kalangu, wato gangar da ake matsewa a hammata domin sauya muryarta, kuma a gabansu 'yanmata ke taruwa a dandali bayan girbi. Kaset ya rage wa makaɗan kasuwa, amma babban sauyi ya biyo bayan fim ɗin Sangaya na 1999, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, nanaye kuma ya bunƙasa, wato waƙar da namiji da mace ke amsa wa juna. Yau kundin waƙoƙin irin su Hamisu Breaker ake sakawa a gidan biki, asarar kuwa ta faɗa kan makaɗan ƙauye, waɗanda sana'ar gado ke ƙarewa a hannunsu.