Alƙalan Littattafan Hausa

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shelanta gasar ƙagaggun labarai, wadda albarkacinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma tun daga wannan zamani, zuwa gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, har Hikayata ta BBC da aka soma a 2016, hukunci yana hannun malamai da manyan marubuta. A wasu jihohin Amurka kuwa, ɗalibai ne ke jefa ƙuri'a su fid da gwarzon littafin shekara.

Amma fa samarinmu da 'yan matanmu sun daɗe suna alƙalanci ba da naɗin kowa ba, domin sa'ad da littattafan soyayya na Kano suka bazu, har suka riski kasuwannin ƙauye irin su Kasuwar Daji a Zamfara, littafin da aka yi ta hayarsa har bangonsa ya yage, shi ne zakara. Haƙƙi ne a kan hukumar ilimi ta Zamfara ta ba su wannan ƙuri'a a sarari.