Daga Wuro Hausa Zuwa Barikin Turawa: Waiwaye Kan Zaman Ware a Yola da Jimeta

Tun daga shekarar 1841 da Modibbo Adama ya kafa Yola, garin ya zauna ne bisa tsarin unguwanni. Fulani masu sarauta suka kewaye fada, fatake da masu sana'a da suka zo daga ƙasar Hausa kuwa suka taru a wuri guda, wanda har yau ake kira Wuro Hausa. A can baƙo yake samun fatoma da limami da mai jin harshensa. Haka 'yan uwanmu suka kafa zanguna a Kumasi da Ankara, mu kuma muna yaba wannan da cewa zumunci ne.

Da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, sai Jimeta ta bunƙasa a bakin Binuwai, ta zama matattarar jiragen ruwa da kantuna da ofisoshin gwamnati. A 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar birane, wadda a ƙarƙashin tsarinta ake barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata. Hujjarsu ita ce gudun zazzaɓin cizon sauro, alhali kuku da boyi a bayan gidan Bature suke kwana. Wannan wariya ce da hukuma ta tilasta, ƙanwar wadda Afirka ta Kudu ta mayar doka a 1950. Bambancinta da zango a fili yake: shi zango ƙofarsa a buɗe take.

To, amma mu fa? Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikatanmu ne suka gaji barikin, suka ƙara wa katanga tsawo, muka ce ci gaba ne. Idan namu suka taru a Sabo ta Ibadan, sai mu ce riƙon addini da al'ada ne. Idan kuwa Ibo ko Bacama suka yi unguwa a Jimeta, sai mu ce ƙabilanci ne, ba tare da mun tambayi abin da ya tara su ba. Tarzomar Maitatsine ta 1984 ta nuna wa mutanen Jimeta yadda tsoro kan sa kowa ya nemi nasa.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mudun awo ɗaya ya kamata mu riƙe: shin unguwar nan tana hana baƙo haya ko sayen fili saboda launinsa, ko harshensa, ko addininsa? In tana hanawa, wariya ce, ko da kuwa tamu ce.