BABI NA BIYU: TARIHIN KAYAN KOYAR DA KARATU DA RUBUTU A ƘASAR HAUSA, DAGA ALLO ZUWA KWAMFUTA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da muhallinsa, an kuma yi bitar ayyukan magabata. A wannan babi za a bi diddigin kayan aiki da dabarun da malamai suka yi amfani da su wajen koya wa yara karatu da rubutu a ƙasar Hausa, tun daga zamanin allo da tawada har ya zuwa shigowar kwamfuta da wayar hannu. Waiwayen ya zama dole domin sau da yawa akan ɗora alhakin gazawar yara a kan rashin kayan zamani. Tarihi kuwa ya nuna cewa duk kayan aikin da ya yi tasiri, ya yi ne saboda ya sami malamin da ya san yadda ake ɗaukar yaro daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma, ya kuma sami abin karantawa cikin harshen da yaron yake ji.

2.1 Zamanin Allo da Tawada

Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, makarantar allo ce wurin da ɗan Bahaushe ke fara sanin harafi. Kayan aikinta ba su da yawa, kuma duk a gida ake samar da su. Akwai allon itace, da alƙalamin gamba, da zuge, wato tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro. Amfanin allo shi ne ana iya wanke shi a sake rubutu, saboda haka allo ɗaya yakan kai yaro shekaru yana aiki da shi.

Abin da ya fi jawo hankali a wannan makaranta shi ne tsarin matakanta. Yaro yakan fara da babbaƙu, inda zai san baƙaƙe tsuransu. Daga nan sai farfaru, inda ake ɗora wa baƙaƙen wasula yana furta su gaɓa-gaɓa, sa'an nan ya kai ga haɗa kalmomi yana karantawa kai tsaye. Malamai sun raɗa wa haruffan Larabci sunaye na Hausa masu bayyana siffarsu ko muhallinsu, kamar ambaki da mim jaye da mim ara da ha kuri da ɗa mai hannu, domin yaro ya riƙe su da sauri. Haka kuma akan rera darasi da murya, manyan ɗalibai kuma sukan biya wa ƙanana. Idan aka lura, waɗannan su ne dabarun da masana koyarwa na zamani ke yabawa, wato bin mataki-mataki, da maimaitawa, da koyo daga ɗan'uwa.

Sai dai harshen darasin Larabci ne, don haka yaro yakan ƙware wajen furuci tun kafin ya san ma'ana, wadda sai a makarantar zaure yake samunta. Duk da haka, daga wannan tushe ne rubutun ajami ya bunƙasa, musamman a ƙarni na 19, lokacin da masu jihadi irin su Nana Asma'u suka rubuta waƙoƙin wa'azi da Hausa, 'yan taru kuma suka yaɗa su cikin ƙauyuka.

2.2 Zuwan Boko da Littafin Aji

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Da Hausa aka riƙa koyarwa a azuzuwan farko, amma cikin haruffan boko, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Da wannan makaranta da waɗanda suka biyo bayanta ne baƙin allo na bango da alli da sileti da fensir suka shiga hannun yara. Baƙin allo ya sauya yanayin koyarwa ƙwarai, domin a makarantar allo kowane yaro da nasa darasi, a nan kuwa aji guda yana kallon darasi ɗaya a lokaci ɗaya.

Ba a daɗe ba aka gane cewa yaran da suka iya haɗa baƙi ba su da abin karantawa. Wannan ne ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 a Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East. Gasar da hukumar ta shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Bayan haka Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce kashi uku, musamman don amfanin makarantu, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. A 1939 ɗin ne kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita. A cikin shekarun 1930 ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka maye gurbin ɗigon da ake sawa ƙarƙashin harafi.

Ta fuskar azuzuwan farko, littattafan da suka fi shahara su ne Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Sunayensu kaɗai sun nuna cewa hawa-hawa aka jera su. Dabarar koyarwar ita ce a fara da wasula biyar, a auna kowane baƙi da su, sa'an nan a haɗa gaɓoɓi su ba da kalma. Wannan dabara ta dace da Hausa, domin yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, kuma kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya wuce ta makarantar allo kuwa bai ga baƙon abu ba, don farfaru ce aka sake mata tufafi.

2.3 Yaƙi da Jahilci

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin Yaƙi da Jahilci don koya wa manya karatu da rubutu, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice cikin jagororinsa. Ko da yake shirin na manya ne, ya shafi makarantun yara ta hanyar yawan abin karantawa da ya samar. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. An kuma yi amfani da majigi wajen jawo hankalin jama'a. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba da jimawa ba zai koma gidan jiya. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 don daidaita rubutu, sa'an nan kamfanin NNPC na Zariya ya ci gaba da buga littattafan makaranta daga 1966.

2.4 Ilmin Firamare Kyauta da Zamanin Rediyo

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi kirdadon yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Azuzuwa suka cika, littattafai suka yi ƙaranci, aka ɗauki malamai masu gajeren horo. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su ta hanyar karatu daga nesa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, amma aiwatarwa ta yi rauni saboda ƙarancin littattafai da ƙwararrun malamai. A Jamhuriyar Nijar ma an fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, taron Yamai na 1980 kuma ya ƙara kusanto da ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu.

Rediyo shi ne na'urar farko da aka sa wa rai za ta cike giɓin malami. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya watsa shirye-shiryen makarantu. To amma rediyo ba ya ganin yadda yaro ya riƙe fensir, ba ya kuma jin inda harshensa ya karye. Inda malamin aji ya shirya wa darasin, ya kuma bi bayansa da aiki a allo, an amfana. Inda aka kunna akwati aka bar yara da shi, sai ya zama abin nishaɗi kawai.

2.5 Kwamfuta da Wayar Hannu

Matsalar farko da Hausa ta fuskanta wajen na'ura ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Yawancin kekunan rubutu ba su da su, don haka sai an gama buga takarda a bi da biro ana lanƙwasa su. Tsarin Unicode ya tanadi waɗannan haruffa, daga baya kuma wayoyin hannu, waɗanda suka yaɗu a Nijeriya daga 2001, suka samu madannai na Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyar da karatu, domin yaron da bai bambanta baki da baƙi ko dauri da ɗauri a rubuce ba, bai gama koyon karatun Hausa ba.

Gwajin farko da ya yi suna shi ne na 2007, lokacin da shirin OLPC na Amurka ya raba wa yaran wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci. Abin ya burge jama'a, amma bai yaɗu ba. Rashin tsayayyar wutar lantarki da wahalar gyara sun dabaibaye shi, kuma na'urar ta riga horon malamai isowa.

Darasi mafi girma ya fito ne daga awon karatu. A 2011 aka gwada yara a jihohin Bauchi da Sakkwato da ma'aunin EGRA, inda ake ba yaro minti ɗaya ya karanta haruffa ko gaɓoɓi ko ɗan gajeren labari. Sakamakon ya nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Daga baya aka riƙa yin irin wannan awo da ƙaramar kwamfuta mai siffar allo da manhajar Tangerine, wadda ke ƙidaya lokaci da kurakurai, ta kuma tara sakamako nan take. Wannan bayani ne ya haifar da shirin RARA na 2014 zuwa 2015, da littattafan Mu Karanta da hukumar USAID ta tallafa aka samar a jihohin biyu. Hukumar UNICEF ita ma ta tallafa wa shirin RANA a Katsina da Zamfara daga 2015. Dukkansu sun dogara ne da littafin ɗalibi da jagoran malami. Malami zai fara yi, sa'an nan ya yi tare da yara, daga bisani su yi da kansu. Darasi yakan taso daga sautin harafi zuwa gaɓa, zuwa kalma, zuwa labari da tambayoyin fahimta, tare da waƙa da tafi wajen rarraba gaɓoɓi. Ashe ke nan, na'urar da ta fi amfani a wannan mataki tana hannun mai awo ne, yaro kuwa littafi aka ba shi.

Hanya ta biyu da kwamfuta ta taimaka ita ce samar da abin karantawa. Manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL tana ba marubuci damar tsara littafin yara da haruffan da aka riga aka koyar kaɗai, tana nuna masa duk kalmar da ta fi ƙarfin matakin. Rumbun African Storybook na Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2014, da StoryWeaver na Indiya, wanda aka buɗe a 2015, suna ɗauke da labaran Hausa da malami zai iya saukewa ya buga kyauta. Wannan shi ne aikin da Hukumar Talifi da NORLA suka yi a zamaninsu, sai dai yanzu ba a buƙatar babbar maɗaba'a.

Annobar korona ta sa an rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama suka koma ga darussan rediyo da talabijin. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussa da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai cin moriyarsa yana buƙatar waya da caji da kuɗin intanet, abubuwan da yaron karkara ya fi kowa rashi.

Batun harshen koyarwa kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyar da yara da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya bayyana soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Wannan mataki ya shafi makomar littattafai da manhajojin Hausa da aka ɓata shekaru ana tanada.

2.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kayan koyar da karatu a ƙasar Hausa sun sauya daga allon itace zuwa baƙin allo da littafi, zuwa rediyo, zuwa kwamfuta, amma dabarar ɗora wasali kan baƙi a tayar da gaɓa tana nan tun daga farfaru har zuwa Mu Karanta. An kuma ga cewa lokutan da karatu ya fi haɓaka su ne waɗanda aka wadata masu koyo da abin karantawa cikin Hausa, aka kuma horar da malamai. Inda aka kawo na'ura ba tare da waɗannan ba, shirin bai yi ƙarko ba. Da wannan ma'auni ne babi na uku zai duba yadda malaman azuzuwan farko ke tafiyar da darasin karatu, da irin gurbin da na'urorin zamani suka samu a cikinsa.