Jiragen Ruwan da Suka Ƙwace Kayan Ayarin Damargu

Kafin 1911, fata da gashin jimina da suka taso daga Kano ta Damagaram suke bi, su ratsa Damargu, inda yau Tanut da Balbeji suke, ayari ya yi guzurin hatsi ya nufi Agadas da Tarabulus. A shekarar nan layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta faɗa wa Tarabulus. Kaya suka juya kudu, zuwa Ikko da bakin teku.

A can ma sai da ido. Kamar yadda Buzu ke gane mai raƙumi daga tambarin wuta, haka ma'aikacin tasha ke gane mai jirgi daga fentin bututun hayaƙi. Na Elder Dempster, kamfanin Liverpool da ya kankane cinikin Afirka ta Yamma, rawaya ne. Jirgin kaya kuwa tun daga nesa ƙirarsa ke tona shi: tudu uku, ɗaya a goshi, ɗaya a tsakiya inda matuƙi da bututu suke, ɗaya a baya. A tsakaninsu ga bakunan rumbun kaya, ga dogayen sanduna masu ƙugiya. Bututu siriri mai tsawo yana nufin kwal ake ƙonawa. Shi ya sa Selandia na Danmak ya ba mutane mamaki a 1912: da dizal yake tafiya, ba shi da bututu ko ɗaya.

Jiragen dakon kwal na sojan ruwan Amurka, irin su Jupiter da Cyclops, ba sa ɓuya. Jerin hasumiyoyin ƙarfe na loda kwal sun cika samansu, injin kuma can a baya.

Yaƙin 1914 ne ya lalata wannan sani, kuma a ganina nan labarin ya fi daɗi. An shafe fentin kamfanoni da ruwan toka. Jamus ta ɗauki Pungo, jirgin da aka ƙera don dakon ayabar Kamaru, ta ɓoye igwa a bayan faifan ƙarfe masu buɗewa, ta sa masa suna Möwe. Wanda ya hango shi ɗan kasuwa zai ce. A Janairun 1916 ya kama Appam na Elder Dempster yana hanyar Ingila daga Afirka ta Yamma, da fasinja da kaya, aka kora shi har Amurka. Daga 1917 Ingila ta fito da wata dabarar, tana zana wa jiragenta ratsi-ratsi masu rikita ido, don jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa ya kasa gane inda suka dosa.